Muhawara: Idan Ƙashin Fuska Ya Karye, Wane Hali Wuya Yake Ciki?

Ɗalibin Likita: Assalamu alaikum malamaina. Akwai ƙa'idar da ake nanata mana a ɗakin gaggawa, cewa duk wanda ya zo da rauni daga kafaɗa zuwa sama, a ɗauka wuyansa a karye yake har sai an tabbatar ba haka ba ne. Abin da nake son fahimta shi ne, karayar fuskar ce da kanta take nuna akwai matsala a wuya, ko kuwa ƙarfin haɗarin ne? Wanda aka nausa a muƙamuƙi da wanda babur ya wurgar a kan kwalta, hukuncinsu ɗaya ne?

Likitan Muƙamuƙi: Wa alaikumus salam. Bari mu fara da alƙaluma kafin mu shiga dalili. Binciken Mulligan da Mahabir na 2010, wanda aka yi da rumbun bayanan masu rauni na Amurka, ya nuna cewa idan ƙashi ɗaya ne ya karye a fuska, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100 suna da rauni a ƙashin wuya. Idan karayar ta kai biyu ko fiye, adadin yakan kama daga kashi 7 zuwa kusan 11. Wani binciken na Mithani da abokan aikinsa a Baltimo, 2009, ya duba mutum 4,786, aka samu kusan ɗaya cikin goma da raunin wuya. Wato mafi yawansu wuyan lafiya lau. Amma ɗaya cikin goma ba ƙaramin abu ba ne idan ka tuna sakamakon kuskure shi ne mutum ya ƙare rayuwarsa a kwance.

Dalilin kuwa a gini yake. Kan babban mutum ya kusa kilo 5, yana zaune a kan gaɓoɓi bakwai, daga C1 a sama zuwa C7 a ƙasa, laka tana ratsa tsakiyarsu. Duk bugun da ya isa ya fasa ƙashin fuska ba ya tsayawa a fuskar, sai ya hankaɗa kan gaba ɗaya, wuya ne kuma yake karɓar ragowar ƙarfin. Har ma akwai tsari: bugu a haɓa ko muƙamuƙin ƙasa ya fi taɓa gaɓoɓin sama, musamman C1 da C2, shi kuwa bugu a goshi da saman fuska ya fi taɓa na tsakiya da na ƙasa, wajen C5 zuwa C7. Wannan tsarin yana taimaka wa ido ya san inda zai fi zubawa a hoto, ba ya ba ka izinin ƙyale sauran gaɓoɓin.

Likitar Gaggawa: Yallaɓai, na yarda da alƙaluman, amma ina da gyara a kan fassararsu. Waɗancan asibitocin manyan cibiyoyin haɗari ne, masu mummunan rauni ake kai musu, dole adadin ya hau. Idan aka ware masu karayar da naushi ya jawo, raunin wuya a cikinsu kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na haɗarin mota, babur da faɗowa daga sama. Don haka amsar tambayar ɗalibinmu a wurina ita ce: yadda abin ya faru ya fi sunan ƙashin da ya karye muhimmanci. Saurayi ɗan shekara 25 da ya shigo da ƙafarsa, hankalinsa garau, hanci kawai ya karye a wurin ƙwallo, ba sai an ɗaure shi a katako ba.

Likitan Laka: Dakta, gaskiyarki, sai dai a yi hattara da kalmar "naushi kawai". Tambayar da ake mantawa ita ce, bayan naushin me ya faru? Idan ya faɗi da baya ƙeyarsa ta bugi bakin kwata ko dakali, wannan faɗuwa ce, ba naushi ba. Idan kuma duka ne na taron dangi, da sanda da ƙafa yana ƙasa, wannan ma wani lissafin ne.

Sannan akwai rukunin da ƙaramin ƙarfi ya ishe su: tsofaffi. Dattijo ya zame a banɗaki, ya faɗi ta fuska, goshi ya fashe ko hanci ya karye. Kan ya lanƙwashe baya. Dama shekaru sun riga sun tsuke ramin da laka take bi, sai jijiyar da ke bayan ramin ta tattare ta matse lakar. Wannan shi ne ciwon tsakiyar laka da Schneider ya bayyana a 1954. Alamarsa mai ruɗarwa ce: hannuwa sun fi ƙafafu mutuwa. Mutum yana iya motsa ƙafa, wani ma ya taka, amma ba ya iya damƙe yatsanka, kuma yana kukan tafin hannunsa na zafi kamar wuta. Sau da yawa eksire ba ya nuna karaya ko ɗaya. Ana ɗinke goshi a sallame shi, a ce tsufa ne ko gajiya. Ita ma karayar turken C2, ɗan ƙashin nan da ke tsaye wanda C1 ke juyawa a kansa, ta fi yawa a tsofaffin da suka faɗi daga tsaye, kuma wani ba abin da zai ce maka sai "ƙeyata na ciwo".

Ɗalibin Likita: To malam, ƙa'idojin nan biyu da ake bi a cire kwala, wato abin da ake ɗaurawa a wuya don hana shi motsi, ba tare da hoto ba, suna aiki a kan mai karayar fuska?

Likitar Gaggawa: Suna aiki, amma mafi yawan masu karayar fuska ba sa tsallake su. Ta binciken NEXUS na Amurka, wadda aka wallafa a 2000 bayan an gwada ta a kan mutum 34,069, sharuɗɗa biyar gare ta, kuma dole duka su cika: babu zafi idan an danna tsakiyar bayan wuya, babu maye, hankali cikakke, babu alamar mutuwar wata gaɓa ko jijiya, babu wani ciwo mai tsanani da zai ɗauke masa hankali daga wuyan. Na biyar ɗin nan ne matsalarmu. Muƙamuƙin da ya rabu biyu, haƙora suna lilo, jini na zuba a baki, wane ne zai tsaya sauraron ɗan ciwon wuya? Ga shi kuma maƙwabta ne, zafin ɗaya yana shiga na ɗaya.

Ta Kanada kuwa, ta Stiell ta 2001, ta fi tsari. Ana amfani da ita ne ga wanda hankalinsa yake cikakke kuma jikinsa bai rikice ba. Matakin farko: ya kai shekara 65? Yana jin yirr ko sagewa a hannu ko ƙafa? Haɗarin mai tsanani ne, kamar faɗowa daga abin da ya kai mita 1 ko matakala 5, abu ya dira masa a tsakar kai, mota ta wuntsila, an cillo shi waje, ko gudun ya wuce kilomita 100 a awa? In ɗaya ya tabbata, hoto kai tsaye. In babu, sai a nemi alamar sauƙi ko da ɗaya ce: ya taka da ƙafarsa bayan haɗarin, yana zaune daram, ciwon wuyan daga baya ya zo, ko babu zafi a tsakiyar bayan wuya. In an samu, sai a ce ya juya kansa da kansa, digiri 45 dama, 45 hagu. Shi zai juya, ba kai ba. In ya kasa, hoto. Wanda babur ya wurgar kuwa ba a ma tsaya dogon lissafi a kansa.

Ma'aikacin Motar Asibiti: Likitoci, ku yi haƙuri in mayar da mu baya kaɗan, domin kafin mutum ya iso gare ku an riga an yi abin da aka yi. A titunanmu masu taimako ne suke fara isa, kuma ido yana kan jini. Mutum huɗu su kama hannu da ƙafa, kai yana reto, a tura shi cikin adaidaita sahu a zaune, wani ya tallabe shi. Wani kuma ya ɗaga kan ya ba shi ruwa. Niyya mai kyau ce, amma karayar da ba ta goce ba a nan take gocewa.

Abin da ya kamata a koya wa jama'a kaɗan ne. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kai, ya riƙe kan da hannu biyu ta gefen kunnuwa, kada ya toshe kunnen, kada ya ja, kada ya saki har sai wani ya karɓe shi. Shi ne mai ba da umarni. Idan za a juya, mutum uku su jeru a gefe ɗaya, na kafaɗa, na ƙugu, na ƙafafu, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungumen icce, hanci yana kallon inda cibiya take kallo. Idan babu gadon ɗauka, ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako ya wadatar. A naɗe zani ko tawul biyu a sa gefe da gefen kai. Motar da za a iya shimfiɗa shi a ciki ake nema, ko bayan a-kori-kura ne. A Najeriya lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, akwai kuma 112.

Hular kwano kuma, idan yana numfashi lafiya kuma ana iya ganin bakinsa, a bar ta. Idan dole ne a cire, aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe muƙamuƙi da ƙeya ta ƙasa, ɗayan ya buɗa gefen hular ya zare ta a hankali, yana ɗan karkata ta don ta tsallake hanci.

Sista Mai Jinya: Malam, ƙari a kan maganarka: kada a ba shi ruwa ko madara ko komai ta baki. Kuma dangi su bar zancen kai shi wurin mai ɗori ya "saita wuya". Ja ko murɗa wuyan da ba a ɗauki hotonsa ba shi ne garin neman gira a rasa ido.

Amma ni ga tambayata ga likitoci, domin mu ne muke tsaye a kan mara lafiya. Ƙa'ida ta ce a kwantar da shi rigingine a ɗaure. Shi kuma mai karayar tsakiyar fuska jini na kwarara masa cikin maƙogwaro, yana kokawa yana son ya tashi zaune ya tofar. Mu danne shi ko mu bar shi?

Likitan Sa Barci: Sista, kada ku danne shi. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci da aka yi tun fara maganar nan. Mutumin da ke cikin hayyacinsa yana son zama ya sunkuya gaba, jikinsa ne yake kare hanyar numfashinsa. Idan kuka kwantar da shi da ƙarfi abu biyu za su faru: jini da gudaji da ɓaraguzan haƙori su cika maƙogwaro, sannan kokawar da zai yi ta motsa wuyan fiye da zaman da kuka hana shi. Toshewar numfashi tana kisa cikin mintuna. A bar shi ya zauna, mutum ɗaya ya tallafi kan daga baya, a ba shi faffaɗan bakin injin zuƙe jini da majina a hannunsa in zai iya. Idan ana da gadon da ake karkatawa gaba ɗaya, a ɗaga ɓangaren kai kamar digiri 30 ba tare da an lanƙwasa shi ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma babu mai sa masa bututun numfashi a kusa, a mirgina shi a kan gefe, kai da gangar jiki a layi ɗaya, jinin ya zubo waje.

Karaya biyu ne suke toshe iska ta hanyarsu ta musamman, kuma kowace da maganinta na hannu. Ta farko, muƙamuƙin ƙasa ya karye gefe biyu na haɓa. Tsokar da ke riƙe harshe a gaba a jikin wannan guntun take, idan ya saki sai harshe ya faɗa baya. A kama guntun a jawo shi gaba, ko a soka zare mai kauri a jikin harshen, can baya ba a tsini ba don kada ya yage, a jawo a manne da filasta a kumatu. Ta biyu, muƙamuƙin sama ya ɓalle ya zame baya da ƙasa. A sa yatsu biyu ta baki a maƙalo bayan ganda a jawo shi gaba. Duka biyun ana yin su ba tare da an tanƙwara wuya ba. Abin da aka hana shi ne ɗaga haɓa a karya kai baya kamar yadda ake yi wa wanda ya suma ba ta haɗari ba.

Likitan Muƙamuƙi: Bari in sa baki a zancen kwala, domin a ganina ana ba ta matsayin da ba nata ba. Kwala mai tauri a kan muƙamuƙi take dogara. Idan muƙamuƙin a karye yake, me ta dogara a kai? Tana tura guntun baya, tana ƙara zafi, tana hana buɗe baki, tana ɓoye kumburin wuya da na ƙasan harshe. Idan aka ɗaure ta tamau tana matse jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, matsin cikin ƙoƙon kai ya ƙaru, alhali da yawa daga cikin mutanen nan suna da raunin ƙwaƙwalwa. A irin wannan hali hannun mutum da matasai biyu a gefen kai da filasta a goshi sun fi ta amfani.

Likitan Laka: Ban ƙi ba, kuma duniya ma ta rage dogaro da ita a shekarun nan. Amma kada ƙananan ma'aikata su ji wannan su watsar da ita baki ɗaya. A asibitin da nas ɗaya take kula da gado goma, babu hannun da zai riƙe kai awa shida. Kwalar tana gaya wa duk wanda ya zo, har da mai tura gado, cewa wuyan nan ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Sharaɗin shi ne a auna ta: a gwada tazarar da ke tsakanin saman kafaɗa da layin haɓa da yatsu, a zaɓi mai wannan tsayin. Doguwa tana tanƙwara kai baya, gajera ba ta riƙe komai. Kuma akwai waɗanda ba a tilasta musu miƙewa: mai ciwon da ke sandarar da ƙashin baya har ya ranƙwafa, a tallafe shi a yadda aka same shi, domin miƙar da shi ne zai buɗe karayar. Yaro ƙasa da shekara 8 kansa babba ne, idan ya kwanta a kan shimfiɗaɗɗen katako wuyan lanƙwashewa gaba yake yi, sai a sa masa nannaɗen tawul ƙarƙashin kafaɗu. Wanda harsashi ko wuƙa ta sama a wuya kuwa ba a sa masa kwala, za ta ɓoye jinin da zai kashe shi. Katako kuma na ɗauka ne kawai, da an iso a sauke shi daga kai.

Likitan Muƙamuƙi: A nan mun haɗu. Akwai ma wuri ɗaya da ni kaina nake neman kwalar: zubar jini mai yawa daga karayar Le Fort, rabe-raben nan uku na tsakiyar fuska da likitan Faransa René Le Fort ya bayyana a 1901. Bayan an sa bututun numfashi, sai a mayar da muƙamuƙin sama wurinsa, a sa robar cizo tsakanin turamen haƙora gefe biyu, a ɗaura kwala ta tokare muƙamuƙin ƙasa, sannan a cusa balan-balan ɗin tsayar da jini a hanci. Idan aka fara da hanci kafin a tokare, balan-balan ɗin buɗa karayar zai yi, jinin ya ƙaru. A haɗa da maganin rage zubar jini, tranexamic acid, giram 1 cikin minti 10, sannan giram 1 cikin awa 8, matuƙar ba a wuce awa 3 da haɗarin ba.

Ɗalibin Likita: Wajen sa bututun fa, yaya ake yi da wuyan?

Likitan Sa Barci: A cire gaban kwalar, domin da ita baki ba ya buɗuwa yadda ake so. Mataimaki ya riƙe kai ta ƙashin bayan kunnuwa, aikinsa hana motsi ne, ba ja ba. Injin zuƙa biyu in akwai. Sandar jagora ta roba, wadda ake zura bututun a kanta, ta kasance a hannu tun gwajin farko, ba sai an kasa ba. Na'urar leƙa maƙogwaro mai kyamara tana taimakawa, amma jini yana rufe idonta, don haka ta gargajiya ma ta kasance a kusa. Kafin a ba da maganin barci a shafa wuya a gano tantanin da ke ƙasan zakaran wuya, a ajiye wuƙar tiyata mai lamba 10 da bututu mai lamba 6 a buɗe. In an kasa sa bututu kuma an kasa ba da iska, nan za a yanka, ba jira.

Hanci kuwa a ƙaurace masa idan akwai Le Fort na biyu ko na uku, ko alamar fashewar gindin ƙoƙon kai: ruwa garai-garai yana ɗiga ta hanci ko kunne, baƙi ya zagaye idanu biyu, jini a bayan dodon kunne. Tiyon ciki ma ta baki za a sa. Sai a ƙirga haƙora, wanda ya ɓace ba a gan shi a wurin haɗari ba a neme shi a hoton ƙirji. Abu na ƙarshe: idan laka ta taɓu kuma an wuce kwana biyu, a bar maganin sassauta tsoka na suxamethonium, yana iya cilla sinadarin fotashiyam sama har zuciya ta tsaya.

Mai Ɗaukar Hoto: Tunda an zo kan hoto, ga koken ɓangarenmu. Takarda takan zo an rubuta hoton kai da fuska, ba a ambaci wuya ba. Mutum yana kan injin CT, ƙara wuya bai fi 'yan mintuna ba, amma sai bayan an mayar da shi ɗaki a tuna, a sake ɗagawa, a sake turawa, dangi su sake neman kuɗi. A rubuta kai, fuska da wuya tare, daga gindin ƙoƙon kai har T1, gaɓar farko da ke ƙasan C7.

Inda babu CT, eksire uku ake yi: na gefe, na gaba, da na buɗe baki. To ga inda karayar fuska take cutar da mu. Hoton buɗe baki shi ne yake nuna C1 da turken C2, wato daidai wurin da karayar muƙamuƙi ta fi taɓawa, mai karyayyen muƙamuƙi kuma ba ya iya buɗe bakin. A ƙasa kuma kafaɗu suna rufe C7 da T1 a hoton gefe. A jawo hannuwa ƙasa a hankali idan ba su karye ba, ko a ɗaga hannu ɗaya sama kamar mai iyo. Hoton da bai nuna mahaɗar C7 da T1 ba bai cika ba, kada a sa masa hannu a ce lafiya. Nazarin Holmes na 2005 ya nuna eksire yana kama kusan rabin raunukan ne kawai, kashi 52 cikin 100, CT kuwa 98.

Likitan Laka: Malam ya faɗi gaskiya. Mai karanta hoton gefe ya bi layuka uku, na gaban gaɓoɓi, na bayansu, da na tushen ƙayoyin baya, ya ga ko akwai tsani. Ya auna naman da ke gaban ƙashi: kada ya wuce milimita 6 zuwa 7 a C2, ko 22 a C6. Tazarar C1 da turken C2 kada ta wuce milimita 3 a babba, 5 a yaro. In ka ga karaya ɗaya, nemi ta biyu, kusan ɗaya cikin goma suna da wata a wani wurin na ƙashin baya. Idan CT bai nuna komai ba amma hannu a mace yake, MRI ake buƙata, kuma kariya tana nan.

Gwajin hannu kuwa ba ya cin minti biyu kuma ba ya buƙatar magana mai yawa, abin da ya dace da wanda bakinsa ya lalace. Kowane gwaji yana nuna lafiyar laka a daidai wata gaɓa: lanƙwasa gwiwar hannu C5, ɗaga wuyan hannu C6, miƙe gwiwar hannu C7, damƙa C8, ware yatsu T1. Taɓa babban yatsa C6, na tsakiya C7, ƙarami C8. A rubuta da lokaci, a maimaita bayan kowane ɗagawa. A wanda ya suma, a lura da numfashin ciki ba na ƙirji ba, da miƙewar gaba ba dalili, da jiki ɗumi ga jini ya sauka ga bugun zuciya a hankali. Wannan na ƙarshen alamar laka ce, amma kada a jingina saukar jini gare ta sai an bincika ciki, ƙirji da ƙugu, tunda wanda lakarsa ta yanke ba zai ji zafin cikin da jini ke taruwa ba. Rauni daga C5 zuwa sama yana taɓa jijiyar numfashi, kuma kumburi kan hau sama cikin kwanakin farko, mai numfashi da kyau yau yana iya gazawa jibi.

Likitar Gaggawa: Akwai abu na uku da ke tsakanin fuska da wuya wanda ba mu taɓo ba: jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Biyu suna gaba, biyu suna ratsa ramukan gefen gaɓoɓin wuya. Tanƙwarewar da ta karya ƙashi tana iya yage cikin jijiyar, gudan jini ya taru, mutum yana hira lafiya, bayan awa 12 ko kwana biyu ɓarin jiki ya shanye. Ƙa'idojin likitocin birnin Denba na Amurka sun lissafa waɗanda za a yi wa CT na jijiyoyi da ruwan allura: Le Fort na biyu da na uku, karayar C1 zuwa C3, karayar da ta ratsa ramin jijiya, gocewar gaɓa, kuma sabon tsarin ya ƙara karayar muƙamuƙin ƙasa. Wanda hoton kansa yake lafiya amma hannu da ƙafar gefe ɗaya suka mutu, ko fatar ido ɗaya ta sauko ƙwayar ta tsuke, a tuna da wannan. Magani mai hana daskarewar jini yana rage haɗarin sosai, amma sai an zauna da likitan ƙwaƙwalwa da mai tiyata kafin a fara.

Ɗalibin Likita: Idan karayar fuska da raunin wuya duka sun tabbata, wanne ake fara gyarawa?

Likitan Muƙamuƙi: Wuya. Lakar da ke matse ana son a sauke mata nauyi cikin awa 24, binciken STASCIS na 2012 ya goyi bayan haka. Fuska tana da haƙuri: tsakiyar fuska tana iya jiran kwana 7 zuwa 14, kumburi ma ya sabe. Muƙamuƙin ƙasa da ya buɗe cikin baki an fi son yi da wuri, amma kafin nan ana iya zagaya waya a haƙora biyu na kowane gefen karayar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tetanus, da wankin baki. Abin da ba ya jira a fuska shi ne numfashi, jini, da ido: jini ya taru a bayan ido, ido ya turo ya yi tauri, gani na raguwa, a tsaga kusurwar fatar ido ta waje a kan gadon, cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Ranar tiyata, idan wuya bai warke ba, ba a juya kai don a ga gindin muƙamuƙi. Gadon ake karkatawa gaba ɗaya, a bi ta cikin baki inda zai yiwu. Idan ana buƙatar haɗa haƙora kuma hanci ya haramta, akwai hanyar Altemir ta 1986, a fito da bututun ta ƙarƙashin haɓa. Ni ina fifita faranti da kusoshi a kan ɗaure baki da waya ga irin wannan majinyacin, saboda dalilin da Sista ta fi ni sani.

Sista Mai Jinya: Amai. Mutum a kwance rigingine, wuya a kwala, baki a ɗaure da waya, ga jinin da ya haɗiya yana tayar masa da zuciya. Idan dole sai an ɗaure, almakashin yanke waya ya kasance a manne a kan gadon, kowace nas ta san wayoyin da za ta yanke, injin zuƙa a jone, maganin hana amai a kan lokaci ba sai ya nema ba. Roba ta fi waya sauƙin cirewa. Juyawa duk awa 2, mutum huɗu. A buɗe kwala aƙalla sau biyu a rana, wani na riƙe da kai, a wanke a busar, a duba ƙeya, haɓa da kafaɗu, domin gyambo a ƙarƙashinta yake fara fitowa, kuma yawu da jinin baki suna jiƙa ta kullum. Wajen zuƙe majina a sa ido a kan bugun zuciya, mai raunin laka na sama bugunsa kan faɗi nan take, atropine, maganin ɗaga bugun, ya kasance a kusa.

Likitan Laka: Ga masu turo mana daga ƙananan asibitoci: a kira kafin a taso, a rubuta lokacin haɗari, yadda ya faru, ƙarfin motsin hannun nan biyar, C5 zuwa T1, a dama da hagu lokacin isowa da lokacin tashi, da ko an ga C7 da T1 a hoton. A sa robar fitsari. A riƙe matsakaicin awon jini wajen 85 zuwa 90. Maganin rage kumburi na methylprednisolone mai yawa ba dole ba ne, ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa da laka ta Amurka ta 2013 ma ta ce a bar shi. Kuma idan akwai shakka a kan numfashi, a sa bututun kafin motar ta tashi, da ma'aikaci a wajen kai har a iso.